Akwatin resista na teburin gyara: wanne za ka saya, wanne za ka haɗa da hannunka

Duk mai gyaran kayan lantarki ya san wahalar nan ta a saka resista, a kunna, a ga bai yi ba, a ciro shi a saka wani, a sake kunnawa, har layin tagullar da ke jikin fanel ya ɗago saboda yawan ɗora masa ayon. Akwatin resista, wato akwati mai tarin resista a ciki da kake zaɓar om ɗin da kake so, maganin wannan wahalar ne. Wayoyi biyu kawai za ka maƙala a gurbin resista ɗin sai ka yi ta murɗawa kana kallon mita har ka samu lambar da ta zauna, sannan ka ɗauko resista ɗaya tak ka lika shi sau ɗaya. Yana amfani wajen nemo resistan da ya dace da LED, wajen saita LM317, ɗan kayan nan mai ƙafa uku da ke daidaita bolt (da 240 om a sama, 720 om a ƙasa zai ba ka bolt 5, da akwatin sai ka gani da idonka yadda yake hawa yana sauka), kuma inda ya fi yi min rana shi ne wajen yaudarar fanel ɗin AC ko firij ko inbata, ka cire sensan zafi irin NTC mai 10k (10,000 om) ɗin nan, wanda om ɗinsa ke raguwa in zafi ya ƙaru, ka sa akwatin a madadinsa, ka rage lamba fanel ya ɗauka zafi ya ƙaru, nan take ka gane ko sensa ne ya mutu ko fanel ɗin ne ke da matsala.

To hanyoyin mallakarsa suna da yawa, kuma tun yanzu gara in faɗa muku inda na karkata: ka haɗa naka da suwic mai murɗawa. Sauran zan ambace su ne don kar a ce ban ambata ba.

Na kamfani irin su IET Labs, waɗanda ake gani a ɗakunan gwaji, babu abin da zan ce a kansu sai dai kuɗin guda ɗaya zai iya sake maka kayan aikin shagonka gaba ɗaya, a wuce wurin. Akwai masu sauƙi-sauƙi irin na Elenco, ba laifi, amma kafin a haɗa kuɗin kawowa da canjin dala ya kai ka inda ba ka shirya zuwa ba. Bolum kuma, resistan nan mai murɗawa irin na ƙara sautin rediyo, wato a ɗauko bolum na 10k ko 100k a sa masa waya a ce an yi akwati, kowa ya fara da shi, matsalarsa duk lokacin da ka murɗa sai ka cire shi daga fanel ka auna kafin ka san inda kake, kuma da ka kai shi kusa da ƙarshe karent ya taru a ɗan guntun wuri sai ka ji ƙauri. Na ƙananan suwic ɗin DIP kuwa sai da tsinke ake tura su, kana lissafin 1, 2, 4, 8 a ka, mai kaya yana tsaye a kanka. A'a.

Wanda ya fi jan mutane yanzu shi ne ɗan fanel ɗin nan da ke cike a AliExpress, mai layi bakwai na ƙananan resista da hulunan jamfa, 'yan hulunan da ke haɗa ƙafa biyu, da ake cirewa a mayar, an rubuta daga 1 om har 9,999,999 om. Araha gare shi, ban musa ba, kuma ɗalibi da ke gwaji da batir a ɗakinsa zai iya lallaɓa shi. Amma a shago ba ya jure hannu. Tsirara yake, ba marfi, ka ajiye shi a kan guntun waya ko ɗigon dalma ya haɗe ta ƙasa ba ka sani ba, hulunan jamfar kuma suna sakin jiki da yawan cirewa, ɗaya ta faɗi ƙarƙashin tebur shi ke nan layi guda ya tashi aiki. Sannan wannan alfahari na layi bakwai, ku zo mu yi lissafi. Resistan kashi 1 cikin 100 ne a jiki. In ka saita 470,000 om, kuskuren da aka yarje masa ya kai 4,700 om sama ko ƙasa, to jamfar da ka matsar a layin 1 om don ka ƙara 3 om me ta ƙara maka? Kamar ka jefa ƙwayar gero uku a buhu ne ka ce yanzu ka san nauyinsa. Lambobi uku na farko ne kawai ke da ma'ana a kowane saiti, sauran ado ne.

Akwai kuma suwic mai dannawa, wanda lamba ke fitowa a ɗan taga, ka danna sama ta ƙaru ka danna ƙasa ta ragu, ana jera su gefe da gefe. Yana da kyau a ido sosai kuma akwatin yakan fito ɗan ƙarami. Sai dai a kula, iri biyu ne kuma a hoto kamarsu ɗaya. Wanda ake so mai ƙafa 11 ne, ɗaya ta tsakiya da goma na lamba 0 zuwa 9. Ɗayan da za ka ga an rubuta BCD ko 8421 ƙafa 5 gare shi, wannan ba ya yin akwatin resista ta hanya mai sauƙi, shi ya fi dacewa da akwatin kapasita tun da su kapasita a jere gefe da gefe suke taruwa. Masu sayarwa da yawa ba su ma san bambancin ba, don haka ka ce a nuna maka hoton bayansa ka ƙirga ƙafafun da kanka. Abin da ya hana ni son shi ko da an samu na daidai ɗin, harshen da ke cikinsa siriri ne sosai yana goga a kan ɗan fanel, ƙurar hunturu ta shiga sai ka ga sifili yana rawa a mita.

Yanzu ga nawa. Suwic mai murɗawa mai hanya ɗaya da matsaya 12, za ka ga an rubuta 1P12T. A ƙarƙashin notin da ke ɗaure shi akwai wani ɗan wasa mai haƙori guda, in ka ɗaga shi ka sa haƙorin a ramin da aka rubuta 10 sai suwic ɗin ya riƙa tsayawa a matsaya goma, wato 0 zuwa 9. Kafin ka taɓa wasan ka murɗa sandar baya har ƙarshe, in ba haka ba ƙirgen zai rikice maka. Haɗin kuwa ba ya buƙatar fanel ko kaɗan, a jikin ƙafafun suwic ɗin za ka yi komai: resista ɗaya tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, wani tsakanin ta 2 da ta 3, haka har ta 9 da ta 10, guda tara ke nan duk lamba ɗaya, suna zagaye bayan suwic ɗin. Waya ta shigo ta ƙafa ta 1, ta fita ta ƙafar tsakiya, ta tafi ƙafa ta 1 ta suwic na gaba. Suwic na farko resistan 10 om tara, na biyu 100 om, sai 1k, 10k, 100k. Suwic biyar resista 45, kana da daga 10 om har 999,990 om. In ka ƙara na 1 om ya zama shida, resista 54.

Me ya sa na fi son shi? Na farko dai hannu ɗaya ke aikin, idonka na kan mita ko kan fanel, kana jin ƙas ƙas a yatsanka kana ƙirgawa ba sai ka kalla ba. Na biyu harshen cikinsa yana goge kansa duk lokacin da ka murɗa, don haka yawan aiki ma gyara shi yake yi. Na uku kuma wanda ya fi min komai, ranar da wani resista ya ƙone, kuma sai ya ƙone, kwance sukurori huɗu ne ka ga baƙin a fili ka canja shi cikin minti biyar da resistan da ke cikin durowarka. Na jamfa in ya ƙone sai ka nemo ƙaramin resistan nan na SMD, wanda ake likawa a saman fanel, daidai girmansa.

Akwai wata 'yar dabara da ba ta cin ko sisi. Ka ja guntuwar waya daga ƙafar tsakiya zuwa ƙafa ta 10 a kowane suwic. Dalili, yawancin suwic masu araha suna sakin ƙafa ɗaya kafin su kama ta gaba, a wannan ɗan tsakanin layin a buɗe yake gaba ɗaya, in kuwa akwatin yana tsaye ne a ƙafar saitin LM317 to bolt ɗin fita zai yi tsalle ya nufi na shiga, abin da ke gaba ya sha. Da wannan guntuwar waya, maimakon layi ya yanke sai dai ya hau zuwa 9 na wannan suwic ɗin na ɗan lokaci. A ƙananan layuka wannan ya wadatar, a manya irin 10k da 100k tsallen har yanzu babba ne, don haka can gara ka kashe wuta kafin ka murɗa, ko ka nemi suwic irin wanda yake kama ta gaba kafin ya saki ta baya. Lorlin na Ingila suna yin iri biyun, Alpha na Taiwan ma suwic ɗinsu na da kyau in ka samu na gaske.

Wasu ogogin sun fi son ɗaya salon, wato tun da suwic ɗin matsaya 12 gare shi kuma jerin E12, wato lambobin resista da aka saba sayarwa, lamba 12 ne (10, 12, 15, 18, 22, 27, 33, 39, 47, 56, 68, 82), sai su sa resista ɗaya a kowace ƙafa, duk abin da ka zaɓa akwai shi a kasuwa kai tsaye. Hujja ce mai kyau, ina girmama ta, amma ba za ka iya kwaikwayon sensa da shi daki-daki ba, kuma ni ban ga wahalar in samu 4,600 a akwati in san cewa 4.7k zan saya ba.

Layin 1 om fa, a sa ko kar a sa? In suwic ɗinka na roba ne mai araha, bar shi. Kowane suwic yana da ɗan nasa om a harshe, a ce kowanne ya ci 0.05 om, guda shida a jere 0.3 om ke nan tun kafin ka sa waya da soket, ka ga wanda ya saita 1 om ya samu 1.3 ba abin kirki ya samu ba. In ka samu tsohon suwic mai faranti na tangaran daga tsofaffin na'urorin gwaji, irin da akan yi sa'a a tsinta wurin 'yan gwangwan ko a Panteka ta Kaduna, to wannan ka ba shi layin 1 om da na 10 om, ka wanke shi ka ga yadda mita za ta tsaya cak. Ko ma wanne ne, in ka gama haɗawa ka mayar da komai sifili ka auna, abin da ka gani ka rubuta shi a jikin akwatin. Kar ka manta wayoyin mita su ma suna da nasu, ka haɗa bakinsu ka danna REL, maɓallin da ke mayar da karatun sifili, in mitarka na da shi, in babu ka debe da ka.

Sai maganar wat, wadda ita ce ke kashe akwatuna. Resista mai kwatan wat na 100 om ba ya ɗaukar fiye da miliamp 50, na 1k wajen 16, na 10 om wajen 158. Ka ɗora bolt 12 kai tsaye a kan 100 om, wat 1.44 ke nan a kan abin da aka yi don 0.25. A kan 10 om kuwa wat 14.4, kafin ka ɗaga hannu ya yi hayaƙi. Kuma abin yakan faru ne lokacin da kake sauko da babban layi zuwa sifili alhali ƙananan suna sifili su ma. Saboda haka layin 10 om ka sa masu wat 1 ko 2, layin 100 om rabin wat ko 1, sauran kwatan wat ya isa, kuma ka saba da ɗaga babban layi tukuna kafin ka maƙala. Ni soket uku nake sawa, biyu na kai tsaye, na ukun ta cikin resistan 100 om mai wat 2, shi nake amfani da shi duk lokacin da ban san abin da zan tarar a fanel ba, sai in ƙara 100 a lissafi. Fiyus ma yana yi amma ƙaramin fiyus yana da nasa om ɗin da zai ɓata maka ƙananan lambobi, shi ya sa ba na sa shi a layin kai tsaye. Akwatin nan ba na gwada ƙarfin caja ko batir ba ne, suwic ɗin kansa don ƙaramin karent aka yi shi. Ɓangaren wutar NEPA kuwa kar ma ka kai shi, bolt 230 in an mayar da shi DC a babban kapasitan caja yana kaiwa wajen 325, ƙaramin resista kuma yawanci iyakarsa 250, ga hannunka a kan akwatin.

To yanzu abin da ya fi ci min rai, jabun resista. Wallahi a nan ne ake cutar mutane, kuma duk kyan suwic ɗinka in resistan banza ne a ciki akwatin ƙarya zai riƙa yi maka kana yarda da shi. Na gaskiyar da ake so shi ne mai fatar ƙarfe, kashi 1 cikin 100, yawanci shuɗi mai zobe biyar. Masu jabu sun gane cewa launin muke kallo, sai su ɗauko na gawayi, irin mai ruwan ƙasa-ƙasa ɗin nan na kashi 5, su yi masa shuɗin fenti da zobe biyar su zuba a leda su rubuta 1%. Wani mai shago a intanet ya taɓa turo min irinsu, leda-leda da lambobi a rubuce tsaf. Da safe akwatin ya ba ni lamba ɗaya, da rana kwano ya ɗau zafi irin na watan Afrilu ya ba ni wata, na yi ta zargin suwic ina fesa masa mai ashe shi ba ruwansa. Da na yi masa magana cewa ya yi ai duk ɗaya ne, in ƙara oda zai yi min ragi.

Ga yadda za ka kama su. Ka ɗauki na 100k ka maƙala shi a mita da kilif mai bakin kada, kar ka riƙe ƙafafun da yatsu don jikinka ma zai shiga lissafin, sai ka kawo bakin ayon kusa da cikinsa ba tare da ka taɓa ba. Na ƙarfe na gaske yana motsi ne 50 zuwa 100 cikin miliyan a kowane digiri, wato ko ya ƙara digiri 50 bai wuce 'yan ɗaruruwan om ba, lambar ƙarshe kawai za ka ga ta ɗan motsa. Na gawayi kuwa ƙasa zai yi ta zubowa, 99, 98, kana kallo, ka janye ayon ya fara komawa. Wannan gwajin ba ya ƙarya. Bayan shi sai maganadisu, ka kai shi ƙarshen ƙafar resista ba jikinsa ba, don jikin ko na kirki ne akwai 'yar hular ƙarfe a ciki da kan ja. In ƙafar ta manne to ƙarfe ne aka yi wa wanka ba tagulla ba, za ka ji ta siririya tana tauri, kuma damina ɗaya sai tsatsa. Ba kowane mai ƙafar ƙarfe ne jabu ba amma alama ce ta an yi tsumulmular kaya. Na uku ka auna guda goma daga leda ɗaya, in 10k ne dukkansu su faɗa tsakanin 9.90 da 10.10, ka ga 9.7 ko 10.3 ko guda ɗaya ne ka mayar da ledar. Akwai kuma cutar girma, a ba ka ɗan mitsitsi a ce rabin wat ne, don haka ka tafi da tsohon na gaske a aljihu ka jera su. Kuma kar ka yarda da zobe kawai, a kan shuɗin fenti ja da ruwan ƙasa da ruwan lemo duk suna kama da juna a hasken shago, 1k da 10k zobe ɗaya ne ya raba su, na huɗu, ruwan ƙasa a wancan ja a wannan. Kowane ɗaya ka auna shi kafin ya hau suwic, guda 45 ne kawai, zaman shan shayi ɗaya ya ishe ka.

In da hali ka sayi guda ashirin-ashirin na kowace lamba ka zaɓi tara da suka fi kusa, ragowar ai ba asara ba ne a shago. In za ka yi oda ne daga waje ka nemi sunan da aka sani irin Yageo ko Vishay daga dillalin da ke ba da lambar kaya, ba ledar da aka rubuta lamba da biro ba. In a gida ne, Sabon Gari a Kano ko wanda ke yi maka sayayya a kasuwar Alaba ta Legas, ka tafi da mitarka ka auna a gaban mai kaya, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Ita ma mitar sai an bincike ta. 'Yar ƙaramar nan mai lamba 830 in batirinta ya yi sanyi sai ta fara faɗin abin da ta ga dama, ka zo kana zubar da resista masu kyau kana ajiye marasa kyau. Sabon batir tukuna. Kuma mita mai ƙirga 1999 ba za ta iya tantance maka kashi 1 cikin 100 da kyau ba tun da nata kuskuren ya kusa haka, ranar zaɓen resista ka ari mai kyau wurin maƙwabci. Mita mai tsada irin Fluke ɗin da aka ce maka an samo a kuɗin cajar waya kuwa, ka san amsar.

Dalma ma akwai jabu, an rubuta 60/40, wato kuza kashi 60 dalma 40, amma tana narkewa kamar tuwo ta bushe fari-fari ba sheƙi, a akwatin da ke da mahaɗa sama da hamsin a jere mahaɗa ɗaya marar kyau ta isa ta sa sifilinka yawo. Suwic kuma kafin ka biya ka murɗa shi ka ji, in sandar na girgiza gefe da gefe ko ƙarar ba ta fita tsaf ajiye shi, sannan ka sa mita tsakanin ƙafar tsakiya da kowace ƙafa kana ɗan jijjiga sandar, lambar kar ta yi tsalle. Wani zai ce maka Alpha ne alhali ko tambari babu a jiki, wani ma akwai tambarin amma faranti na ciki kamar kwali.

Gidan da za ka zuba su ba sai ka kashe kuɗi ba, akwatin roba na masu wayarin gida ya isa, mai ɗan zurfi yadda resistan ba za su taɓa ƙasa ba. Ka jera suwic ɗin babba a hagu ƙarami a dama yadda za ka karanta lambar kamar yadda ake rubuta ta, ka huda ɗan ramin da haƙorin suwic ke shiga don kar ya riƙa juyawa da kansa, wayar ciki ka sa mai kauri kuma gajera. Kan da ake sa wa sandar don murɗawa ka sayi mai sukuru a gefe da tsini mai nuna lamba, irin na turawa kawai yana zamewa ka ga yana nuna 4 alhali yana kan 5. Soket kuma ka ɗauki mai noti na ƙarfe, ka sa wasa mai haƙora a ƙarƙashi ka ɗaure shi tam, don nan ne wurin da ya fi shan ja kullum.